Wata Goma Sha Biyu Ba Ƙorafi

3 ga Maris

Ƙanwata,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Na san sai kin juya ambulan ɗin nan sau biyu kafin ki tuno ni. Yayarki ce tela, jikar yayar kakarki, wadda ta goya ki zuwa kemis ranar da kika taka ƙusa kina ihu kamar ana yanka ki. An ce yanzu Dakta ake ce miki, ba ta allura ba, ta takarda. Allah ya ƙara ɗaukaka. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwa da ke ƙara idan na daɗe a kan keke, da ido da ya fara gardama da kafar allura.

An ce zumunta a ƙafa take, ni kuwa ban neme ki ba sai da buƙata ta koro ni. Ki yi haƙuri. Na kira lambar da aka ba ni har sau huɗu ba a ɗauka ba, shi ya sa na koma ga biro.

Maganar Anini ce, 'yar ƙanwata marigayiya. Muna ce mata haka ne saboda ƙanƙantarta. Uwarta ta rasu tana shekara uku, ubanta kuma direban tirela ne, kwana biyar a hanya, biyu a gida. Ofishin kula da yara suka ba ni riƙonta da takarda da hatimi. Shekara huɗu tana hannuna. Sikila gare ta, kuma na san ciwon nan kamar yadda na san kekena: ruwan ɗumi, maganin safe, asibiti kowane wata, kada sanyi ya taɓa ta.

Bara, ranar ashirin ga Yuni, suka zo da sabon tsarinsu na mayar da yara hannun iyayensu. Uban ya sa hannu, suka tafi da ita. Ban hana ba, da me zan hana? Na rubuta masa lokutan magani a jikin kwali, na shiga ɗaki na yi kukana.

Makon jiya na je ganinta. Ɗaki ɗaya yake haya a bayan tashar manyan motoci. In zai yi tafiya, wurin maƙwabciya yake barin ta, mai sayar da ƙanƙara da ruwan leda. Na tarar da Anini hannunta cikin kular ƙanƙara har gwiwar hannu, tana miƙo wa masu saye. Yarinyar da sanyi ke karya wa ƙashi, ƙanwata. Idonta ya yi rawaya. Na duba katinta na asibiti, wata uku ba hatimi.

Za ki ce ai ana zuwa dubawa. Ana zuwa. Sai dai jami'ar takan bugo wa uban waya tun saura mako guda, shi kuma ya yi musayar tafiya da wani direban, ya share ɗaki, ya sayo burodi da madara ya jera a kan tebur. Ta zo ta ga uba da 'ya da burodi, ta ja layi a takardarta, ta tafi.

Na je ofishin. Jami'ar, wata doguwa mai tabarau, ta saurare ni tsaf, sannan ta ce ƙorafin baki ba ya shiga fayil, sai a rubuce. Na rubuta, ga shi nan a ciki, shafi biyu. An ce mini kina shiga ofishin Daraktansu ba tare da ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ki gyara mini inda na yi shirme, ki faɗa mini hannun da zan damƙa wa. Tsoro nake ji, ba na ɓoye miki.

Yayarki tela

18 ga Maris

Yaya,

Na samu wasiƙarki, na kuma yi dariyar ƙusa, don tabon yana nan har yau. Muna lafiya, yara suna gaishe ki. Ki riƙa miƙe ƙafar bayan kowace awa, kuma ki je a auna miki tabarau.

Kin faɗo hannun da ya dace. Tsarin nan da kike magana, ni aka ɗora wa binciken yadda yake aiki. Iyalai sittin nake bi, kuma na duba jerin, gidan direban yana ciki. Ma'auninmu mai sauƙi ne: yaron da ya cika wata goma sha biyu a gidan iyayensa ba tare da ƙorafi ya shiga fayil ɗinsa ba, mun ƙirga shi cikin nasara. A mako na biyu na Yuli zan gabatar da sakamakon a babban taron masana harkar kula da yara. Mutane za su zo daga ƙasashe da yawa, masu ɗaukar nauyin tsarin kuma a layin gaba suke zama. Minti ashirin aka ba ni, shekara uku ina aiki a kansu.

Game da takardarki, kin yi dabara da kika fara turo mini. Yaya, na san mutanen nan. Ƙorafin tsohuwar mai riƙo kallon kishi suke yi masa. In kika miƙa ta ta tagar ofis, magatakarda zai karanta layi biyu, ya ce an ƙwace mata yarinya ne take huce haushi, ya jefa ta ƙasan tari. Daga nan kuma duk abin da kika sake faɗa ya zama surutu. Saboda haka kada ki kai komai ofishin. Ki bar ta a hannuna, zan gyara ta, in miƙa wa Darakta da kaina a lokacin da ya dace. Abin nan ɗan lokaci yake so, gaggawa kuwa kin san aikin wa ce.

Kada ki tsananta wa uban. Namiji ne shi kaɗai yana ƙoƙari, kuma ba kowane direba ne zai karɓi yarinya mai lalura ba. Ki ci gaba da rubuto mini duk abin da kika gani, dalla-dalla, yana da amfani.

Sai wata alfarma. Ga yadi nan na haɗo da awona. Ina da tela a dangi, me zai kai ni waje? Ki yi mini riga ta tsayuwa gaban mutane, mai kamala, ba mai hayaniya ba, kuma wuyan ya zama mai ɗan kauri, don a nan ake maƙala ƙaramar lasifika.

Ƙanwarki

9 ga Afrilu

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa ta yi sauƙi, tabarau kuwa sai Allah ya kawo ranar zuwa. Da na karanta wasiƙarki na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Naka sai naka. Ashe da na kai takardar nan da hannuna da na kashe maganar ban sani ba.

Rigarki ta kusa. Awon da kika turo, ko dai na shekarar aurenki ne, ko kuwa Daktoci ba sa cin abinci. Na bar miki ɗan sarari a ciki, kada ki ɗaga hannu ki nuna wa manya allo a ji ɗinki ya yi magana.

Yanzu ga abin da ya hana ni gama ta. Ranar Talata da safe mai ƙanƙara ta aiko a kira ni, wai Anini tana birgima tana riƙe da ƙafa, uban kuma yana hanya. Na ɗauke ta zuwa asibiti. Kwana huɗu muka yi. Likitan da ya saba ganinta ya yi faɗa sosai da ya ga katin, ya sa aka yi mata gwajin jijiyoyin kai, wanda ya kamata a yi tun wata biyar baya. Ya zaunar da ni ya ce jijiyoyin sun fara tsukewa, in ba a riƙa yi mata ƙarin jini kowane wata ba, ɓarin jikinta zai iya shanyewa kowane lokaci. Na ce a fara yau. Ya turo mini takarda, ya tambaye ni matsayina. Na ce ni na raine ta. Ya janye takardarsa a hankali, ya ce sai wanda doka ta ba ta.

Uban ya iso a rana ta huɗu yana warin man mota. Likita ya yi masa bayani, ya ce shi 'yarsa ba mota ba ce da za a riƙa zuba mata mai duk wata, kuma jinin da bai san na wa ba ne ba zai shiga jikinta ba. Ya saɓa ta a kafaɗa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce mini: "Ofis ni ya ba wa, ba ke ba. In na sake ganinki a gidana, kya gani."

Anini ba ta yi kuka ba. Ta leƙo ta bayan wuyansa tana kallona har suka sha kwana, kuma da ta yi kukan da ya fi mini sauƙi.

Likitan ya rubuta mini abin da ya gani, da sa hannunsa da hatimi. Ga shi nan, ki haɗa da waccan. Na san kin ce ɗan lokaci, amma ki duba mini, ko lokacin ya yi.

Yayarki

12 ga Mayu

Ƙanwata,

Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Ni ina nan, ba ciwo sai na zuci. Na aiko da rigar tun ashirin ga watan jiya, ban ji ko ta iso ba. Takardar likita ma ban ji ba.

Ba na shiga gidan direban, amma nakan tsaya a tsallaken titi wajen mai faci in hango ta. Tana nan bakin kula. Ta fara jan ƙafar hagu kaɗan, ko kuwa idona ne, ban sani ba.

Zan faɗa miki wani abu, kada ki yi fushi. Haƙuri ya gaza mini, na je ofishin. Ban kai komai ba, tambaya kawai na yi. Mai tabarau ta ɗauko fayil ɗin ta buɗe a gabana, ta bi shi shafi-shafi, ta ce ba ƙorafi ba takardar likita. Na ba ta labarin asibiti. Ta cire tabaranta, ta yago takarda daga littafinta, ta miƙo mini biro. Ta ce in rubuta ko layi uku ne, yanzu-yanzu, ita za ta buga hatimin da hannunta.

Na riƙe biron, ƙanwata. Sai na tuna maganarki, na ajiye. Na ce mata tawa tana sama, wurin Darakta, ƙanwata Dakta ce ta kai. Ta tambaye ni wace Daktar, na faɗa mata ina taƙama. Ta daɗe tana kallona, sannan ta rufe fayil ɗin ta ce to.

Na san abin da ke teburin Darakta ba lallai ƙananan ma'aikata su gani ba. Haka ne ko? Ki rubuto mini ko layi ɗaya ne.

Yayarki

27 ga Mayu

Yaya,

Lafiya lau muke, aiki ne ya sha mini kai. Rigar ta iso, hannun ya ɗan yi tsawo, amma za ta saku.

Ban ji daɗin zuwanki ofis ba, balle kiran sunana. Na gaya miki ki bar abin a hannuna. Ko kin yarda da ni, ko ba ki yarda ba. Ina fama da hotunan majigi arba'in da Farfesan da ke duba aikina ya ce in mayar sha biyar, ga jadawalin alƙaluma da sai na sake bi ɗaya bayan ɗaya, sannan in ji ana yawo da sunana a taga. Kin san abin da zai faru in aka ce mai binciken tana da 'yar'uwa a cikin iyalan da take bi?

Zan faɗa miki wata gaskiya, kuma ba gori ba ne. Ke ba ki haihu ba. Bincike ya nuna masu riƙon da ba su da nasu sun fi kowa ganin ciwo a inda babu shi, kuma sun fi kowa wahalar saki. Ke da bakinki kika ce ba ki sani ba ko idonki ne. Mutumin da bai iya zura zare a allura ba, shi ne zai auna tafiyar yarinya daga tsallaken titi? Likitoci kuma aikinsu ne su faɗi mafi munin abin da zai iya faruwa. Masu sikila nawa ne suke girma ba a ƙara musu jini ba?

Tsayuwa wajen mai faci ki daina ta. In uban ya kai ƙararki, ke za a ce kina tayar wa iyali hankali, kuma ni ba zan iya fitar da ke ba.

Takardunki suna nan a jakata, ba abin da ya same su. Ki ba ni zuwa ƙarshen Yuni. Kada ki rubuto kafin nan sai in da wani sabon abu, ba na samun sukunin karanta shafi uku-uku.

Ƙanwarki

26 ga Yuni

Dakta,

Ba zan tambayi lafiyarki ba, na san kina lafiya. Kin ce in rubuto in da sabon abu. Kin riga kin san shi, amma ina so ki gan shi a takarda, tunda abin da ba a rubuta ba a wurinku bai faru ba.

Ranar sha ɗaya ga wata da hantsi Anini ta faɗi a bakin kula. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, hannu da ƙafa, bakinta ya karkace. Washegari a asibiti na roƙi wata nas ta kira ki da wayarta, kika ɗauka saboda ba ki san lambar ba. Na gaya miki komai. Kika ce inna lillahi, kika ce gobe-goben nan takarda za ta hau teburin Darakta. Na yi miki godiya. Har addu'a na yi miki, nas ɗin tana amin.

Kwana goma sha biyu ban bar gefen gadon ba. Uban ya sa hannu a kan jinin a rana ta uku, bayan aikin gama ya gama. Ranar Litinin na je ofis in ji abin da Darakta ya yanke. Mai tabarau ba ta ɗauko fayil ba, ta ce ba ya wurinta, yana ɗakin ajiya. An rufe shi ranar ashirin ga wata, an buga masa koren hatimi, wata goma sha biyu ba ƙorafi. Sannan ta jawo aljihun tebur ta nuna mini takardata da ta likita. Ba ki gyara ko harafi ɗaya ba. Hatimin karɓa yana samansu: ashirin da ɗaya ga Yuni.

Na tambaye ta mene ne bambancin kwana ɗaya. Ta ce: "Baiwar Allah, da ƙorafin nan ya shigo fayil yana buɗe, dole mu je gidan cikin kwana uku ba sanarwa. Da takardar likitan nan kuwa, ofis zai sa hannu a kan jinin ko uban yana so ko ba ya so. Yanzu sabon fayil ne, sai ya bi layi."

Layin wata huɗu ne, in ji ta.

Na dawo gida na ɗauko wasiƙarki ta Maris. Ashe kin faɗa mini tun farko, baƙi a kan fari. Wata goma sha biyu ba ƙorafi, mun ƙirga shi cikin nasara. Na karanta layin nan a lokacin, na ce kai, ƙanwata ta iya aiki. Ni ce jakar. Na ba kura ajiyar nama, na kuma ɗinka mata riga.

Tun Afrilu takardar likita take jakarki. Wata biyu, ƙarin jini biyu. An miƙo mini biro a Mayu na ajiye saboda ke, kuma wannan hannun nawa ne ya ajiye shi, da shi zan kwana har in mutu. Amma ki faɗa mini abu ɗaya. Bayan ta faɗi, bayan kin ji muryata a waya, kwana taran nan da kika ƙara, me kike jira ya faru?

Tela

20 ga Yuli

Yaya,

Ina gaishe ki, ya mai jiki? Allah ya ba ta lafiya. Na bari ne sai na dawo daga taro kafin in amsa, don wasiƙarki cikin zafi kika rubuta ta, ban kuma riƙe ki da komai ba.

Taron ya yi kyau fiye da zatona. Zaure ne mai kujeru ɗari huɗu, kuma da aka zo kaina har tsaye aka yi a baya. Akwai wata jar fitila a gaban mai magana da ke kunnuwa in lokaci ya ƙare, ni na gama saura minti ɗaya. Na buɗe da labarin wani direban babbar mota da ya karɓi 'yarsa mai lalura, yake musayar tafiya da abokan aikinsa don jami'ar da ke zuwa dubawa ta same shi a gida. Ban faɗi suna ba, kada ki damu. Na ga wata a layi na biyu tana share ido. Wani tsohon Farfesa ya tambaya ta yaya muka san rashin ƙorafi yana nufin lafiya. Na ce tambaya ce mai kyau, bincike na gaba zai duba ta. Wajen shan shayi mata uku suka tambaye ni wa ya yi mini ɗinki.

Kin yi mini tambaya, zan ba ki amsa, ko da ba za ki so ta ba. Masu ɗaukar nauyin tsarin sun ce sai nasara ta kai kashi casa'in cikin ɗari za su faɗaɗa shi. Cikin iyalai sittin, shida sun riga sun faɗi. Hamsin da huɗu suka rage, casa'in cif. Da takardarki ta shiga, hamsin da uku ke nan, tsarin ya mutu. Yara sama da dubu biyu ne ke gidajen marayu suna jiran a mayar da su gida. Ranar Alhamis aka sa hannu a kan faɗaɗawar. Ke yarinya ɗaya kike gani, ni dubu biyu nake gani, kuma dole wani ya iya kallon dubu biyun.

Kwana taran da kike magana ba su canza komai ba, abin ya riga ya faru. Na watannin baya kuwa, babu likitan da zai rantse miki cewa ƙarin jini biyu zai hana. Kada ki ɗora wa kanki, kada kuma ki ɗora mini.

Ga wani abin alheri da zai fito daga ciki. An gayyace ni wani taron da ya fi wannan girma a watan Nuwamba. Ina so in yi magana a kan yara masu lalura, cewa suna buƙatar sa ido na musamman bayan an mayar da su. Labarin Anini shi ne misalin da ya fi dacewa, kuma wasiƙunki sun ba ni kusan duk abin da nake buƙata. Darakta zai sa a fito mini da fayil ɗin. Ga fom nan na neman izini, ki sa hannu inda na yi alama. In da hali ki haɗo da hoton katin asibitin. Ta haka wahalarta ba ta tafi a banza ba.

Ƙanwarki

8 ga Agusta

Dakta,

Mai jiki tana nan. Tana iya haɗiye abu mai ruwa, tana kiran sunana da rabin baki, hannun da ƙafar kuwa likita ya ce kada in sa rai da yawa.

Ga fom ɗinki na mayar, ban sa hannu ba. Ofishinku ya ce ni ba kowa ba ce a wurinta, sa hannun wadda ba kowa ba kuwa ba zai yi miki amfani ba.

Anini tana wurina. Kwana goma da suka wuce uban ya shigo shago da ita a kafaɗa, ya kwantar da ita a bencin masu jiran ɗinki, ya ajiye ledar kayanta a ƙasa. Ya ce yana da lodi, mai ƙanƙara kuma ta ce ba za ta iya da wadda sai an kai ta banɗaki ba. Ko zama bai yi ba. An ce ya saki ɗakin hayar. Shekara guda ina roƙon Allah ya dawo mini da ita, ya dawo da ita, a haka.

Mai tabarau ta zo shekaranjiya, wai ɗinki ta kawo. Ta ga yarinyar, ta zauna. Sannan ta faɗa mini ƙa'idarsu. Yaron da aka mayar gida abin bai yiwu ba, ba a miƙa shi ga wanda ya kai ƙorafi. Gidan marayu ake fara kai shi har a gama bincike, wata huɗu ko shida. Can ma'aikaciya ɗaya ce ga yara talatin. Anini sai an juya ta duk bayan awa biyu, sai an ba ta abinci da ƙaramin cokali ta gefen da ke motsi. Ta ce ita ba ta ga komai ba, ɗinki ta kawo, kuma takardata za ta ci gaba da zama a ƙasan tari muddin ba wanda ya tambaya daga sama. In Darakta ya sa a fito da fayil, dole su zo.

Saboda haka hamsin da huɗunki ta tsira, Dakta, kuma ni ce zan yi gadinta. A takarda Anini tana gidan ubanta lafiya lau. In an tambaye ni, haka zan ce.

Ban yafe miki ba, ba kuma zan yafe ba. Amma ga ni ina roƙonki, ni da kika yi wa haka, don ba ni da yadda zan yi. Kada ki nemi fayil ɗin. Kada ki gyara alƙalumanki, kada ki kai mu taron Nuwamba ko wani taro. Kin yi shiru wata uku don kanki, ki yi mana shi yanzu don ita.

Tela